Surukina Ya Aske Wa Hanyata Tozo

Goggo, ki taimake ni, ina tsakanin aikina da surukina. Ni direban gireda ne, shekara goma sha ɗaya ina gyaran hanyoyin ƙauye. Bana aka turo ni hanyar da ta bi ta ƙofar gidan mahaifin matata. Ba a ba mu kwalta ba, kuma ƙasar wurin laka ce mai riƙe ruwa. Sai na zuba tsakuwa, na daddaɓe, na ɗaga tsakiyar hanyar ta yi ɗan tozo, na ja lambatu dama da hagu don ruwa ya gangare.

Baba ya leƙo ya ga tozo, ya ce mijin 'yarsa ya yi aikin karkace, kuma ba za a yi masa dariya a gari ba. Ina tafiya ya tara maƙwabta da shebur, suka baje tozon, suka cike lambatun da shi. Wai rufa mini asiri ya yi! Ruwan farko da aka yi, hanya ta zama tafki, har agwagi sun tare. Injiniya ya ce in gyara cikin mako guda ko in ajiye makulli. Matata kuma ta ce in na kunyata Baba, in nemi mai dafa mini abinci. Wallahi raina ya ɓaci, amma dariya ma tana cina.

Mai Gireda

Ɗana Mai Gireda, ka yi daidai a aikinka, amma ka yi kuskure ɗaya: ka yi wa mutum tozo a ƙofar gida ba ka gaya masa dalili ba. Shi kuma ƙauna ce ta sa shi ɗaukar shebur, kada ka manta da wannan.

Ka je gaisuwa, ka durƙusa yadda ka saba. Kada ka ambaci tafki, yana ganinsa. Ka dubi rufin ɗakinsa, ka tambaye shi me ya sa ya ɗaga tsakiyarsa. Zai yi maka bayani har ka gaji. Sai ka nemi izininsa ka gwada dabararsa a kan hanya, ka roƙe shi ya riƙa sa ido kada a toshe lambatu.

Nan da mako guda zai gaya wa gari cewa shi ya koya maka aiki. Ka sunkuyar da kai ka amsa. Allah ya bar maka makullinka da mai dafa maka abinci.