Na Rubuta Gonar Baba a Wasiƙar Neman IT

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, idan na gajarta ba za ku gane inda matsalar take ba.

Ni ɗalibi ne, fannin noma nake karanta, wannan zangon ne za mu tafi IT, watannin nan da makaranta take sakin mu mu je wani ofis ko kamfani mu koyi aiki. Kowa shi yake nemo wa kansa wuri, ya kawo takardar amincewa a sa masa hannu. Masu kawu a ma'aikata sun samu, masu goggo a banki sun samu, har wani ɗan ajinmu da a gabana ya kasa bambance dawa da gero ya samu, ni kuwa ina ta zaga gari da ambulan kamar mai rabon katin biki. Duk inda na je sai mai gadi ya karɓa, ya ce in tafi za a kira ni.

A Kurmin Mashi muke zaune. Babana ma'aikacin gwamnati ne, ritayarsa ta kusa. Na san za ku ce me ya hana shi nema min, to ba ku san shi ba ne, mutum ne da ko kujera ba ya roƙo a gidan ɗaurin aure, gara ya tsaya har a tashi. Yana da gona can gaba da Mando, sai an yi nisa an sauka daga kwalta. Masara yake yi, da 'yan shanu da ya ba wani amana. Duk abin da ya samu a aikin gwamnati can ya zuba shi, kullum maganarsa ke nan, ranar da ya ajiye biro gonar ce za ta riƙe mu.

Kun dai san yadda hanyar nan ta koma da masu garkuwa da mutane. Shi ya sa a gidanmu ba a maganar gona. Baba ba ya faɗa wa kowa ranar da zai je, ko Umma sai ta ga ya fito da wata koɗaɗɗiyar rigarsa da safe take ganewa. Idan maƙwabci ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce yau ina aka nufa, sai ya ce nan cikin gari ne. Ƙannena ma an ja musu kunne, ko a Islamiyya kada a ji wani ya ce muna da shanu. Ni nake tuƙa shi, don haka ni kaɗai na san sunan ƙauyen da yadda muke shiga.

Ana cikin haka aka turo wata sanarwa a gurup ɗin ajinmu, wai wani kamfanin noma yana ɗaukar 'yan IT, har da alawus, a tura CV da wasiƙar neman gurbi. Ban tsaya tambayar wa ya fara turo ta ba, kuma da na tambaya daga baya kowa cewa yake shi ma gani ya yi. Na ruga shagon kwamfutar da ke bakin layinmu. Mai shagon ya duba abin da na rubuta ya yi dariya, ya ce ɗan Alhaji, wannan ai takardar haihuwa ce ba CV ba, suna da firamare da sakandare, sai me? Ya ce kamfani gogewar aiki yake nema, ba ka taɓa yin komai da hannunka ba? Zuciya ta ɗebe ni, na ce ni da nake kula da gona guda. Ya ce yawwa, to ita za ka rubuta, kuma ka rubuta ta dalla-dalla, don idan ba su ga sunan wuri ba za su ce ƙarya ce.

Haka muka zauna, ina faɗa yana bugawa yana ƙara mata gishiri. Sunan ƙauyen ya shiga. Girman gonar ya shiga, shanun ma sun shiga. Har na sa cewa lokacin shuka da girbi ni da mai gonar muke zuwa da kanmu mu tsaya a kan aiki. A CV kuma ga adireshin gidanmu, da yake layinmu babu lamba sai aka yi kwatance har da kalar get. Da muka zo wurin masu shaida, waɗanda ake kira a tambayi halin mutum, na ce ai ba a saka uba, ya ce uban naka Mataimakin Darakta guda ne za ka bari a gida? Muka sa sunan Baba da muƙaminsa da lambarsa. Wallahi da na karanta sai da na ji kaina ya kumbura. Abin da ba ma iya faɗa wa maƙwabcinmu da Hausa, na zauna na jera shi da Turanci na tura wa mutanen da ban taɓa gani ba, kuma ko kaɗan raina bai ba ni cewa magana na fitar ba, gani nake takarda ce kawai.

Ba a daɗe ba aka kira ni. Wani mutum ne mai sanyin murya, ya ce shi ne manaja, ya fara da Turanci mai daɗi sannan ya juye Hausa. Ya ce wasiƙata ta fi ta kowa, irina suke nema ba 'yan hadda ba. Ya ce zai ɗan yi min tambayoyi. Bai tambayi sakamakona ba, bai tambayi irin da muke shukawa ba. Cewa ya yi akwai sabis a gonar? Mota tana shiga har ciki ko sai an hau babur? Ma'aikata suna kwana a can? Muna tafiya da 'yan banga ko mu kaɗai? Ya ce dole su san waɗannan saboda lafiyar ɗalibai. Ni kuma kamar an kunna rediyo, duk na amsa, har da ƙarin bayanin da ba a nema ba.

A kira na biyu ne na fara zargi. Bayan gaisuwa sai ya ce Darakta yana da 'yan'uwa a Abuja ko a ƙasar waje? Gidan da muke ciki namu ne ko haya? Na ce ranka ya daɗe, wannan kuma me ya haɗa shi da IT? Ya yi 'yar dariya, ya ce ƙa'idar kamfani ce, sai an san asalin yaro kafin a ba shi amana.

Ina da aboki, bari in kira shi Habu, babansa malamin allo ne a Abakpa. Habu ya fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, ni shaida ne don a wurinsa nake kwafar rabin aikin gida. Shi ma ya tura musu, amma har yau ko filashin ba a yi masa ba. Da yake adireshin kamfanin a unguwarsu yake, na roƙe shi muka je. Shago ne ɗaya a kulle, da sabon allon suna, fentin ma bai gama bushewa ba. Wani tela da ke gefe ya ce kwanan nan aka kama shagon, shi dai sau ɗaya ya ga an buɗe, wasu mutum biyu suka shiga da kujeru suka fito. Habu ya dube ni ya ce wallahi bai so wannan abin ba. Amma don kada in zalunce su, akwai wata 'yar ajinmu da suka turo wa takardar amincewa har da hatimi, makaranta kuma ta karɓa. Ita ba a yi mata tambayar komai ba. To ban sani ba, ko ƙaramin kamfani ne mai tasowa ni ne tsoro ya cika, ko kuwa ita an ba ta ne don a ce ana bayarwa.

Na yanke shawarar in daina ɗaga wayarsu in nemi wani wuri. Ashe na makara. Shekaranjiya Baba ya dawo daga ofis fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka har na manta. Ya ce mutanenka sun kira ni. Wai sun yi ta yaba tarbiyyar da ya ba ni, suna Darakta kaza Darakta kaza, sun ce saura abu ɗaya, suna so su ga yaron a bakin aiki, intabiyun a gona za a yi, kuma zai yi kyau shi ma yana nan tunda shi ne mai shaida. Baban nan nawa da ba ya faɗa wa matarsa ranar tafiya, ya ce musu ranar Alhamis za mu shiga girbi, su same mu a Mando su biyo mu.

Na ce Baba, ni fa hankalina bai kwanta da mutanen nan ba, na ba shi labarin shagon. Nan fa ya hau ni da faɗa. Ya ce tun yaushe nake yawo da ambulan, yanzu Allah ya kawo kuma na fara neman hanyar zillewa, ragonci ne kawai irin na yaran yanzu. Ya ce ya yi shekaru yana zama da 'yan kwangila, daga murya yake gane ɗan damfara, wannan mutumin mai ilimi ne. Ya ce shi bai taɓa ba da magana ya janye ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da ya ce ai shi ba yaro ba ne, da gangan bai faɗa musu inda gonar take ba, idan ya gan su a Mando bai yarda da su ba sai ya juya abinsa. Bai san sunan ƙauyen yana hannunsu ba, bai san sun san babu sabis, babu 'yan banga, babu mai kwana. Shi a tunaninsa CV suna ne da makarantu.

Tsoro nake ji, jama'a, irin wanda ban taɓa ji ba. Idan na faɗa masa duka, na san za a fasa tafiyar Alhamis, amma maganar ba ta Alhamis kaɗai ba ce, sun san wurin, sun san sai mun je girbi ko yau ko gobe. Ke nan in dube shi in ce gonar da ya ƙare ƙarfinsa a kanta ta haramta gare shi, saboda ina neman wurin zama na 'yan watanni. Kuma Baba yana da hawan jini, yana da taurin kai, yana iya cewa masararsa ba za ta lalace a tsaye ba, ya ɗauki mukulli ya tafi shi kaɗai. Na yi tunanin zuwa wurin hukuma, to in ce musu me, wani ya kira ni ya yaba wasiƙata? Kuma ban san kunnen da maganar za ta faɗa ba. Habu ya ce in cire wani abu a motar ta ƙi tashi, amma wannan na rana ɗaya ne. Idan kuma mutanen kirki ne, na yi musu ƙazafi, na kunyata Baba, na rasa IT, zango ya wuce ni.

Ɗazu manajan ya turo min saƙo, ya ce kada mu wahalar da kanmu da jira a Mando, su za su riga mu isa gonar. Ban nuna wa kowa ba tukuna. Yanzu haka ina jiyo Baba a tsakar gida yana ce wa Umma ta ƙara yawan abincin da za mu tafi da shi, wai ba a tarar baƙi hannu sake.

Don Allah wa zan fara tunkara, Baba, Umma, ko hukuma? Kuma da wace kalma zan fara? Iyayen da ke cikin gidan nan, idan ɗanku ne ya yi wannan, yaya za ku so ya faɗa muku har ku saurare shi ku zauna a gida? Ku taimaka ku amsa kafin Alhamis, ku kuma sa Babana a addu'a.