Sunan da Ke Jikin Kwale-kwalenmu

Zuwa ga Yayana Kwamena,

Gaisuwa mai yawa daga Anomabo, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Abidjan. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu ma da sauƙi, sai dai gidan ya yi mini girma tun rasuwar 'yata Kuukua.

Na san ƙanenmu Fiifi ya riga ni kawo ƙara. Gaskiya ne, ni na sa aka rubuta Plankton a jikin kwale-kwalen gidanmu. Sau biyu su Fiifi suna dawowa da komar kamun kifi wayam, yanzu yana cewa sunan ne ya kori kifi, wai ko kifin ma ya kasa karanta shi, balle ya matso. Ya ce ranar Talata da ba a fita teku zai shafe shi da fenti, sai fa in kai ka hana.

Yaya, ba sunan aljani ba ne. Hutunta na ƙarshe daga jami'a, 'yar nan tawa ta same ni ina bandar kifi, ta ɗaga mini kwalbar ruwan teku, ta ce in gaida masu ciyar da ni. Na ce ban ga kowa ba. Ta yi dariya, ta ce wasu halittu ne mitsi-mitsi da ido ba ya gani, su ƙananan kifi ke ci. Wai a wani tsohon harshe kalmar na nufin masu yawo, waɗanda ba su da ƙarfin ja da ruwa, duk inda ya kai su nan suka je. Na ce ashe tuwon kifi muka tura ta karantowa. Daga ranar nake kiran ta Plankton in ta yi yawo ta ƙi dawowa da wuri. Zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da ita, ban iya ja da shi ba.

A gida kowa na tsoron ambaton ta a gabana. Amma da safe, in sun hango kwale-kwalen, masu jan koma kan ɗaga murya su ce ga Plankton can ta dawo, sai in bar murhu in fito.

Ka gaida matarka Ewurabena da yara. Ka kira Fiifi kafin Talata, don Allah. In ya shafe, ba wanda zai sake cewa ta dawo.

Ƙanwarka,
Araba