Lallen Yaya Hadiza

Assalamu alaikum Goggo. Ya ƙafar taki? Ya Kawu da yara, ya Legas?

Goggo, bakina ya ja mini. Ranar Juma'a na tarar da Yaya Hadiza tana ƙunshi, ga ɗanta Sadiku kwance, sikilarsa ta tashi. A gaban maƙwabta na ce, "Yaro na murƙususu, ke kina kwalliya? Wace irin uwa ce ke?"

Sai ta tashi ta wanke lallen. Sadiku ya kalli hannunta ya ce, "Umma, mutuwa zan yi?" Ashe kwalliyarta ce ke kwantar masa da hankali.

Duk karance-karancena ban san wannan ba. Na sayo lalle a Tudun Wada, yana aljihuna, na kasa miƙa mata. Don Allah ki kira ta, ki taya ni ba ta haƙuri.

A sa Sadiku a addu'a. Gaida Kawu.

Ɗanki,
Nura