Gargaren Rijiyar Ollelewa

Zuwa ga Yaya Idi a Damagaram.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya zafi? Inna tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi.

Bayan haka, Yaya, raina a ɓace yake. Mushen lakwal, wato malamin makarantar bokon da ƙanenmu Ila ke karatu, ya kawo yaransa nan Ollelewa don kumandan, Baturen mulki, ya ga abin da suka koya bana. Sun zo da gargaren ƙarfe na jan guga. Maigari ya sa aka tumɓuke gwafannin bakin rijiya, waɗanda kakanmu ya ɗauko tun daga Tarka, aka kafa nasu. Ba zan yi ƙarya ba, abin yana aiki. Ila shi kaɗai ya fiddo wasaki, babban gugan nan, cike, Inna har da hawaye.

Kumandan na juya baya suka kwance abinsu suka ɗora wa raƙumi, wai na lakwal ne, baɗi ma shi za a nuna. Muka nemi gwafanninmu, ashe da su aka gasa wa baƙi rago. Ka san itace irin wannan babu shi a Damargu. Yanzu da hannu muke ja, igiya na cin bakin rijiya, ƙasa na zubawa ciki. Ranar shayarwar Aghali makiyayi ta wuce, rabin raƙumansa ba su sha ba.

Ka gaida mutan gida. Ƙanenka, Barmo.

Zuwa ga Yaya Idi.

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Saƙonka na in yi haƙuri ya iso, ina yi.

Ila ya zo hutu, ya ga yadda igiya ta ci tafin hannun Inna, ya kasa cin tuwo. Matata Raishatu ta ba shi tsohon turminta, shi da masassaƙi suka fitar da gargare a ciki, Aghali ya kawo itace daga arewa. Gargaren yana kuka kamar jaki, amma yana ja, raƙuma sun sha.

To jiya sai ga manzon mushe. Wai a kwance gargaren a kai Damagaram, aikin ɗan lakwal ne, za a sa shi cikin nasarorin bana, in ba haka ba kada Ila ya koma lakwal. Maigari ya fara kame-kame. Ni na kwana ina jin tsoron a yanke wa yaron karatu, Ila kuwa ya ɗauki igiya ya tafi rijiya.

Yaya, ka je ka sami mushe da ladabi. Ka gaya masa gargare yana nan inda yake. In kumandan na son ganin abin da Ila ya koya, ya zo ranar shayarwar Aghali, za mu ba shi igiya.

Allah ya sada mu da alheri. Naka, Barmo.