Mujiyar Baba

Mansur, Makka
3 ga Maris, 2014

Yaya Mairama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Yaya Sakkwato? Mu nan sai godiya.

Kin san akwatin nan na Baba, na tsoffin kuɗin azurfar Girka da ya tara tun yana canji a bakin Harami. Shekara talatin bai bar kowa ya taɓa shi ba. To yanzu kullum bayan la'asar sai Sami, mijin 'yar'uwarmu Saudat, ya zo daga unguwar Aziziyya su buɗe shi tare. Ina tsakar gida ina jin su. Wai kuɗin mai hoton kunkuru na wani tsibirin 'yan jirgin ruwa ne, mai ƙudan zuma na wani birni. Mujiyar da muke gudu kuwa, wai alamar hikima ce a wurin mutanen Girka, reshen zaitun na bayanta kuma arzikin garin. Yaya, ni ne ɗansa, amma ta taga na koyi wannan. Jiya har na ji ya kira shi ɗana. Abinci ya gagare ni.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Sabitu


21 ga Maris, 2014

Yaya Mairama,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina da abin kunyar da ke kaɗai zan iya faɗa wa.

Na ɗauke mai mujiyar, wanda Baba ya fi so, na ɓoye a aljihun jallabiyata. So nake a zargi Sami, an kuwa zarge shi. Saudat ta yi kuka, shi ko bai kare kansa ba, sai ya daina zuwa. Na zaci Baba zai neme ni. Kwana tara akwatin yana rufe, shi kuma yana zaune ya zuba wa bango ido.

Ran Juma'a na kasa daurewa, na sa masa kuɗin a tafin hannu. Ya shafa da yatsa, ya gane shi, amma bai kalle shi ba. A nan na fahimci Baba ba ya gani. Tun bara likita ya ce jijiyar idon ta tafi, amma Baba ya hana a gaya mini don kada in bar aikina in tare a kansa. Ashe Sami ne yake duba masa hotunan yana faɗa masa.

Na je Aziziyya na roƙi gafara, Sami ya yafe. Baba ya ce akwatin na Sami ne bayan ransa, ban yi musu ba. Sai dai ba zan yi miki ƙarya ba, har yau in na ji suna dariya kishi yana kama ni. Yanzu dai ina shiga in zauna. Ni ke riƙe musu fitila.

Ki sa ni a addu'a, kuma ki zo Umra da wuri, yana ambatonki.

Naki,
Sabitu