Kunkurun Abah

Temerloh, Lahadi 11 ga Agusta, 1996

Zuwa ga yayata Kak Hasmah,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa, da fatan ke da mijinki Abang Mokhtar da yara kuna lafiya, kuma aikin asibitin Sandakan da sauƙi.

Ranar Alhamis na kai mahaifiyarmu Mak wajen likita. Hanta ce. Ya ce aiki ba zai yi amfani ba, mu mayar da ita gida mu ba ta abin da ranta yake so. Na tambaye shi saura yaushe, ya ce watanni. Na rubuto miki kalmar yadda ya faɗe ta, ke ce ma'aikaciyar jinya, kin fi ni sanin nauyinta.

Da muka iso gida Mak ta tsaya gaban rumfar mota ta ce, "Di, ina so in je teku a cikin Kunkuru." Kin tuna ranar da mahaifinmu Abah ya sayo motar nan mai gado da murhu a ciki, ya raɗa mata wannan suna, ya yi wa Mak alƙawarin idan ya ajiye aiki za su je bakin ruwa a Cherating. Ya ajiye, bayan wata huɗu ya rasu.

Na ce mata an gama. Da ƙarfin gwiwa na faɗa, domin shekara shida ban tsallake Lahadi ɗaya ba. Ina tayar da injin minti goma sha biyar, in duba baƙin mai da ruwan batir, in shanya katifa, in sa kafur saboda kyankyaso, in goge tayoyi. Duk yana cikin littafina, da rana da lokaci.

Yau na sa giya. Injin ya yi kuka, motar ta girgiza, ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Na ɗauko Kawu Teoh bakanike, tsohon da yake yi wa Abah gyara. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana kaɗe riga.

"Wa yake kula da ita?"

Na ce ni ne, na miƙa masa littafin. Ya juya shafuka ya ce, "Malamin gidan waya, na ga ka goge taya sau ɗari uku. Ina ka rubuta ta yi tafiya?"

Na ce babu.

"To birki ya yi tsatsa ya kama ƙafafun huɗu. Tayoyi suna sheƙi a waje, cikinsu ya tsattsage. Shekara shida kana yi wa gawa wanka da turare."

Bai san zancen likita ba. Mak tana bakin taga, ta yi dariya har da tari. Ni ban iya ba.

Gobe za a ja ta zuwa garejinsa. Damina za ta rufe teku a Nuwamba, na lissafa muna da mako goma sha ɗaya. Ina ganin za su isa. Ke me kika gani?

Ki gaida kowa. Ƙanenki,
Rusdi

Sandakan, 22 ga Agusta

Di,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na yi kukana na share, yanzu ka saurara.

Idan likita ya ce watanni, ka ji makonni. Na sha tsayawa a bayansu suna faɗa wa mutane haka. Mako goma sha ɗaya naka ne da kalandarka, ba na Mak ba.

Ka ari motar Pak Su ƙanen Mak, ka shimfiɗa mata a kujerar baya, ka kai ta Cherating Asabar ɗin nan. Awa uku ne. Ta sa ƙafa a ruwa, ta ci soyayyen keropok na kifi idan cikinta ya karɓa, ku dawo. Tsohon ƙarfen nan ya jira.

Sun hana ni hutu sai Nuwamba, mu biyu ne kawai a ɗakin haihuwa. Don Allah kada ka sa in zo in tarar kana goge taya.

Ka riƙa ba ta kunun shinkafa kaɗan-kaɗan, ban da mai. Allah ya ba ta sauƙi.

Yayarka,
Hasmah

Temerloh, 15 ga Satumba

Kak Hasmah,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Wasiƙarki ta iso ranar ashirin da tara, ni na ware ta da hannuna a wurin aiki.

Na yi yadda kika ce. Pak Su ya kawo motarsa har ƙofar gida. Mak ta leƙa ta ce, "Su, kai da motarka ku sha shayi ku koma. Teku ne ban taɓa gani ba? Ni na ɗinka labulen Kunkuru. A kan gadon nan nake so in kwanta, ƙofa a buɗe, ruwa yana gabana." Pak Su ya ce wa yayar tasa, "Kak, taurin kan nan shi ya kashe mijinki." Ta ce, "Shi ya auri taurin kan dai."

Ga inda aiki ya kai. Tayoyi huɗu sababbi, da na biyar. An zubar da tsohon fetur, an wanke tanki. Birkin gaba ya saki. Na baya yana jiran wata roba da Kawu Teoh ya aika a nemo a Ipoh. Da na ɗaga katifa sai na ga katakon ƙarƙashin gadon ya ruɓe, yatsana ya shige. Ashe ruwa yana bin gefen tagar rufi yana sauka ta cikin bango, ni kuwa ina shanya katifa ina mamakin danshi. Na cire katakon, na sa sabo, na liƙe tagar. Na kwashe komai daga akwatunan ciki, na goge su, na rubuta cewa babu komai a cikinsu.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Tun da na karɓi lasin ban tuƙa abin da ya fi babur ɗina ba. Kawu Teoh yana sa ni zagaya fili a tsohuwar a-kori-kurarsa da yamma. Jiya ya ce, "Taka mai mana! Agwagwa ta wuce mu tana kallonka."

Mak ta rame. Idonta ya yi rawaya. Amma tana tambayar motar kowace safiya kamar mai tambayar ɗa a makarantar kwana.

Wataƙila na yi kuskure da ban matsa mata a kan motar Pak Su ba. Ina ta juya abin.

Ki huta lafiya. Ƙanenki,
Rusdi

Sandakan, 2 ga Oktoba

Di,

Gaisuwa. Na samu Mak ta wayar maƙwabta ranar Lahadi. Muryarta ta koma kamar ta cikin rijiya. Ta ce ta haɗa jakarta, har da zanen batik mai shuɗi. Ta ce kai yaron kirki ne, ba ka son a samu matsala a hanya.

Ka tuna farin takalmin da Abah ya saya maka da sallah kana aji uku? Ka sa shi a kwali, kana fito da shi kana gogewa, kana jiran ranar da babu taɓo. Ranar da ka sa ƙafa ya yi maka kaɗan. Ni na kai wa ɗan Pak Su.

Da zarar motar ta iya birgima, ku tafi. Ko labule bai ɗauru ba, ko murhu bai kama ba. Ka ji ni?

Allah ya tsare.
Hasmah

Temerloh, 20 ga Oktoba

Kak Hasmah,

Assalamu alaikum, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na tuna takalmin.

Saura kaɗan. Kunkuru ta dawo rumfarta. Akwai wata 'yar ƙara a baya ta hagu, ƙwas-ƙwas, idan an hau gargada. Can ne birkin da aka yi wa aiki. Ba zan ɗauki Mak a hanyar Kuantan zuwa teku da manyan motocin katako ba sai na san mece ce. Idan birki ya tsinke a gangara, wa zan ce ya yi?

Yanzu ni nake ɗaukarta bayan la'asar in kwantar da ita a gadon motar, in buɗe ƙofa. Ba ta da nauyi. Abin da yake gabanta katangar maƙwabta ce da bishiyar ayaba. Jiya ta ce, "Di, tekun nan naku akwai kaji a ciki." Sai ta ce, "Yaushe?" Na ce ranar Lahadi uku ga Nuwamba in sha Allahu. Ta ƙirga a yatsunta.

An yi ruwa sau biyu a makon nan, amma kogi bai taso ba.

Ki sa mu a addu'a. Ƙanenki,
Rusdi

Sandakan, 14 ga Nuwamba

Rusdi,

Sallama. Na iso gida lafiya. Allah ya jiƙan Mak, ya sa ta huta.

Kwana goma na yi a gidan nan ban yi maka maganar ba, saboda mutane, kuma saboda ban amince da bakina ba.

Ranar addu'ar bakwai Kawu Teoh ya zo. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa da ledar lemo. Kai kana ciki da liman. Ya ce mini, "Ki yi haƙuri, 'yata. Ko ba komai ta ga tekunta." Na ce wane teku? Ya dube ni, ya dubi rumfa. Ya ce ranar biyar ga Oktoba ya ba ka makulli. Ya ce shi da kansa ya tuƙa ta har Maran ya dawo, ya taka birki a kowace gangara, ya ce maka ko Thailand kake so ka tafi. Tsohon nan ya ajiye lemon a ƙasa ya juya ya tafi.

Mak ta rasu ashirin da tara ga wata. Daga biyar zuwa ashirin da tara kwana ashirin da huɗu ne. Kai ne mai lissafi, ka duba ko na yi kuskure.

Ni na kwance jakarta. Zanen shuɗin yana sama, a ninke.

Me ka yi da kwana ashirin da huɗu?

Hasmah

Temerloh, 1 ga Disamba

Kak Hasmah,

Assalamu alaikum. Ban san ko gaisuwata tana da wuri a wajenki ba, amma ga ta.

Lissafinki daidai ne. Zan kwafo miki daga littafin, ban gyara komai ba.

5 ga Oktoba. Mota ta dawo. K. Teoh ya ce lafiya lau, ya ce idan na sake kawo ta zai sakar mini kare. Mak ta sa an kai ta ciki, ta ce in ba ta wuri.

6 ga Oktoba. Gwaji ni kaɗai. Ƙara a baya ta hagu. Na juyo daga mararrabar Kuantan.

9 ga Oktoba. Na cire ƙafar baya, na duba, na mayar. Ƙara tana nan.

13 ga Oktoba. Na ɗaure bututun hayaƙi. Tana nan. Na juyo daga mararraba.

Haka yake tafiya, Kak. Sau tara na kai mararrabar nan. Ban koma wajen Kawu Teoh ba don kunya, kada ya ce babu komai in rasa abin cewa. Yanzu ina ganin tsoron da nake ji shi ne ya ce babu komai ɗin, domin daga nan sai tuƙi. Duk sanda na hango motocin katako sai in juya. Ƙarar gaskiya ce, ban ƙirƙire ta ba. Amma ranar da na fara jin ta wani abu ya sauka daga ƙirjina. Wannan ban rubuta a littafin ba.

Ranar ashirin da bakwai ta ce, "Di, mu tafi haka nan. In ta lalace a hanya ai a hanya muke." Na ce saura mako ɗaya, Mak. Ta ce to.

Lahadin da ta wuce na shiga shanya katifa, don ban san me zan yi da Lahadi ba. Na buɗe akwatin da yake ƙarƙashin gado, ta hagu. Ban taɓa buɗe shi ba tun Satumba, saboda littafi ya ce babu komai a ciki. Kofuna biyu na tasa ne, nata mai fure da na Abah mai tsagaggen baki, da cokali ɗaya. Ranar da motar ta dawo ta sa su, lokacin da ta ce in ba ta wuri. Na girgiza akwatin da hannu. Ƙwas-ƙwas.

Kwana ashirin da huɗu ina kwance a ƙarƙashin motar, su suna sama da fuskata da taƙi ɗaya.

Kogi ya cika, hanyar Kuantan ta yanke tun ranar Talata. Ban roƙe ki komai ba. Ki faɗa mini abin da zan yi da motar, zan yi.

Ƙanenki,
Rusdi

Sandakan, 16 ga Disamba

Di,

Wa alaikumus salam. Na karanta sau biyu. Ban nuna wa Abang Mokhtar ba.

Ba zan ce na yafe ba, don ban saba yi maka ƙarya ba. Ka tambaye ni wata shekara.

Teku zai lafa a watan Maris, na nemi hutun kwana huɗu. Kai za ka tuƙa, ni zan zauna a gadon. Idan ka juyo daga mararraba, a nan zan sauka, kuma ba za ka sake samun wasiƙata ba.

Ka bar littafin a gida. Kofunan ka mayar da su inda ta sa su, kada ka naɗe su da tsumma. Ina so in ji ƙarar har mu isa.

Allah ya kai mu.

Yayarka,
Hasmah