Wayar da Alhaji Ya Ba Lucky

Sabon Gari, Kano

Zuwa ga ƙanena Ikrama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Ummakulsum da yara kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, in ban da idon nan da ke saurin gajiya.

Na gaya maka kwamfutocin kamfanin da nake kula da su sun daina ganin juna, kaya suna zaune a sito ba a fitar da su zuwa kasuwar Singa. Alhaji mai kamfanin ya ce a gaban ma'aikata, "Malam Hamzat, ko digirin ne ya tsufa?" Ya ba ni zuwa ƙarshen wata in gyara ko in bar aikin.

Lahadi ce ta cece ni, domin na lura ranar kaɗai komai ke tafiya daidai. Ashe Alhaji, don zaman maƙwabtaka, ya bar Lucky mai kayan gyaran mota ya ja wayar intanet daga wajenmu, bai faɗa wa kowa ba. Lucky ya haɗa tasa na'urar raba intanet, adireshinta ɗaya da tamu, suka dinga rigimar wacce za ta amsa. Sai ya kulle shago ya tafi coci muke samun sauƙi. Na canja wa tasa adireshi, shi ke nan.

Lucky ya yi ta ba ni haƙuri. Alhaji kuwa "To, madalla" kawai ya ce, ni ma ban sa ran fiye da haka ba.

Ka gaishe mini da Inna, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ɗakin da kuka share mini a Mubi, ku mayar da buhunan masara ciki. Da sauran zamana a nan.

Yayanka,
Hamzat